Ranar da Aka Cire wa Malam Lawal "Wai"

Kalmar "wai" harafi uku ce, amma a Hausa da wuya a sami wadda ta kai ta ɗaukar kaya. Da ita ake ɓata sunan mutum ba tare da an yi rantsuwa ba. Da ita ake yaɗa mutuwar wanda yake zaune a gidansa yana cin tuwo. Wanda ya ce "wai" bai yi ƙarya ba, domin bai ce haka abin yake ba, kuma bai faɗi gaskiya ba, domin bai tsaya a kanta ba. Ƙafarsa ɗaya tana cikin zance, ɗaya tana bakin ƙofa. Malam Muhammadu Lawal, malamin bayoloji a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke kan hanyar Roni zuwa Kazaure, ya shekara ashirin da shida yana fakewa a inuwar wannan kalma, har ranar da wata ɗalibarsa ta sare ta da kyakkyawar niyya.

An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, ɗan manomin gyaɗa. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu, ya karanta littattafan fiƙihu na farko a gaban kawunsa, kuma da ya sami shiga kwalejin horar da malamai, Larabci ya je karantawa. Ranar rajista layin Larabci ya kai bakin titi, rana kuma ta take. Ya hangi wani layi mai mutum huɗu a ƙarƙashin darbejiya, ya shiga don ya sha inuwa. Kafin ya ankara an rubuta sunansa, an buga hatimi. Mutane da yawa sun sami sana'arsu ta hanyar da ba ta fi wannan daraja ba, sai dai ba kowa ke faɗa ba.

Abin yabo shi ne, ya so abin da ya faɗa ciki. Tagar ajinsa ba ta rabuwa da gwangwanayen madara da wake ke tsirowa a ciki. Da damina yakan zo a kan babur da kwalbar 'ya'yan kwaɗi a ɗaure a bayansa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya. In ya feɗe kwaɗo a gaban ɗalibai, dokarsa ɗaya ce: ba a zubar da komai, duk abin da aka cire a ajiye shi a gefe a kan faranti, domin wanda ya zubar da hanji bai san kwaɗo ba.

Sai dai ba allo ne abin da ya fi daraja a wurinsa ba. Shekara goma sha tara da suka wuce, limamin ƙaramin masallacin makarantar ya tsufa ya koma Yankwashi wurin 'ya'yansa, malamai suka tura Malam Lawal gaba, saboda shi ne mai karatu a cikinsu. Tun daga nan shi ke jan azahar. Malamai suna binsa, ɗalibai maza suna binsa, mai gadi yana binsa, har 'yan kasuwar da ke bakin ƙofar makaranta sukan rufe rumfunansu su zo. Ba a biyansa komai. Albashi na gwamnati ne, aji na makaranta ne, amma wannan taku biyu da yake yi gaba da sahu kowace azahar nasa ne, kuma da shi yake auna kansa.

A manhajar aji uku na babbar sakandare, zango na biyu, akwai babin sauyin halittu. Kowane malamin bayoloji a wannan yanki ya san makon da babin yake faɗowa, kuma kowa da dabararsa. Akwai wanda ke kamuwa da ciwon haƙori a makon, duk shekara, haƙori ɗaya. Akwai wanda ke cewa a karanta a gida, alhali ya san babu mai littafi. Malam Lawal bai yarda da ko ɗaya ba, kuma ya gina hujjarsa daki-daki. Tsallake babin cin amana ne, tunda ana tambayarsa a jarrabawar fita. Karantar da shi tsirara kuwa, wani zai ɗauka aƙidar malami ce, kuma liman ba ya wasa da abin da za a ɗauka. Saboda haka sai a karantar da shi duka, amma a sa wa kowace jimla takunkumi.

"Wai halittu suna sauyawa a hankali cikin dogon zamani," in ji shi, alli a hannu. "Wai wanda ya fi dacewa da wurin zamansa shi ya fi barin zuriya. Wai an tono ƙasusuwa da suka zama dutse. Wai mutum da birai suna da kaka ɗaya can baya. Wai ku rubuta."

Ɗalibai suka rubuta, da wai ɗin da komai. Yaro ba ya koyon abin da aka faɗa masa kaɗai, yana koyon yadda aka faɗa, kuma wannan shi ne abin da Malam Lawal bai sa a lissafinsa ba. Shekara da shekaru ɗalibansa suna shiga ɗakin jarrabawa suna amsa tambayar babin da Turanci mai kyau, kowace jimla da "wai" a gabanta. Wani malami da ya je aikin duba takardu a Kano ya dawo da labarin cewa wata mai dubawa daga Kudu ta tambaye shi, wane ne wannan Farfesa Wai da 'yan Roni suke kafa hujja da shi, kuma a ina za ta sami littafinsa.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma wai ba ta zama inda aka ajiye ta. Ɗaliban suka fahimci cewa ilimin boko iri biyu ne, na ci da na jarrabawa, sannan suka kasa gane inda iyakar take. Wai ta tsallaka zuwa babin jini, ta shiga babin numfashi. Akwai tsohon ɗalibinsa da ke aiki a wani kemis a Kazaure, wanda har yau yake gaya wa masu saye, "Wai sau uku a rana, wai bayan abinci." A cikin ɗaruruwan da suka bi ta hannunsa, da wuya ka sami wanda ya gaskata babin, da wuya kuma ka sami wanda zai iya gaya maka dalilin da ya sa ya ƙi shi. Ba su fito da imani mai hujja ba, ba su fito da shakka mai hujja ba. Sun fito da ɗaga kafaɗa. Wannan laifi ne, kuma wajibi ne a kira shi laifi ko da mai shi mutumin kirki ne, domin malamin da ya koya wa yaro cewa ilimi jita-jita ne ya cuce shi a darasin addini kamar yadda ya cuce shi a na bayoloji.

A shekarar da abin ya faru, wadda ta fi kowa ƙoƙari a aji uku ita ce Bahijja, 'yar wani tela, mai burin karatun likitan dabbobi. Ƙawarta tana kwance da zazzaɓi a makon babin, sai Bahijja ta ari wayar mahaifiyarta, ta ɓoye a cikin hijabi, ta naɗi darasin daga farko har ƙarshe. Da ta zo turawa, data ta kasa. Ta zauna ta saurara don ta ga abin da za a rage, ta ga babu abin da ke maimaituwa ba tare da ƙarin ma'ana ba sai kalma ɗaya. Ta bi ta yanke ta duk inda take, sau tamanin da bakwai.

Abin da ya rage darasi ne da ba a taɓa jin irinsa a yankin ba. Muryar Malam Lawal ce, a natse, kowace jimla tsaye da ƙafafunta, hujja tana bin hujja. Ƙawar ta fahimta a saurare ɗaya, ta tura wa 'yar'uwarta a Kazaure. Kafin mako ya zagayo, ɗalibai a Babura da Gwiwa suna haddace shi, wani malamin ma ya kunna wa ajinsa shi ya je ya zauna da haƙorinsa lafiya. Daga wayoyin yara ya shiga na iyaye. Iyaye kuwa ba su saurari minti talatin ba, jimla ɗaya aka ciro musu. Gari ba ya rasa tasa wai, sai dai ya sa ta a inda ya ga dama: wai limamin makaranta ya ce kakan kowa biri ne. Da labarin ya isa Kanya Babba, wai ya nuna wa yara gurbin wutsiyarsa.

Ranar Talata da hantsi shugaban makarantar, Malam Ashiru, ya kira zama a ofishinsa. Mutum ne da bai taɓa yanke hukunci ba matuƙar akwai wanda zai yanke a madadinsa, don haka ya gayyato shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Zarami, ɗan asalin Barno, mai shagon hatsi daura da ƙofar makaranta, wanda ke kai gero Nijar ya dawo da sefa. Malama Juliana, malamar kimiyyar sinadarai, Kirista haifaffiyar Kazaure, ita aka ba littafin rubuta bayanin zama, saboda ta fi kowa kyawun rubutu kuma ba ta bin kowa salla. Malam Lawal ya zauna a kujerar roba a tsakiya. Batun da ke gaban zaman ɗaya ne, kuma Malam Ashiru ya faɗe shi yana kallon silin: shin Malam Lawal zai ci gaba da jan azahar ko a'a.

Aka kunna muryar. Aka ji shi yana cewa, tiryan-tiryan, "Mutum da birai suna da kaka ɗaya can baya."

"Malam Lawal," in ji Alhaji Zarami, "wannan muryar wa ce?"

"Tawa ce, Alhaji."

"Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa, amma ba haka na faɗa ba. Na ce wai."

"Ina wai ɗin?"

"Shi nake nema, ranka ya daɗe. Tun Alhamis nake nemansa."

"To mu dai kunnuwa bibbiyu muka sa, ba mu ji ba. Ko Malama ta ji?"

"Ban ji ba, Alhaji," in ji Malama Juliana. "Amma shekara tara ajina yana jikin nasa, bango ɗaya ya raba mu. In mutumin nan ya shiga babin nan, wai har cikin ajina take faɗowa. Ni kaina ban yarda da babin ba, Adamu da Hauwa'u na sani, amma gaskiya ɗaya ce, bai taɓa faɗarsa babu wai ba."

"Shaidar bango ke nan," in ji Alhaji. "Mu shaidar waya muke da ita."

Malam Ashiru ya ce a kira yarinyar da ta naɗa. Bahijja ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaishe da kowa da sunansa. Aka tambaye ta, ba ta yi gardama ba: ita ta naɗa, ita ta yanke.

"Me ya kai ki, 'yata?" in ji Alhaji.

"Data ce ba ta isa ba, Baba."

"Shi ke nan don data kika jefa malaminki a wuta? Ina abin da kika yanke?"

"Yana nan, Baba. Ban zubar ba. Malam ya ce in an feɗe abu, duk abin da aka cire a ajiye shi a gefe."

Ta miƙa wayar. Ta haɗa su duka wuri ɗaya, a jere, yadda ta ciro su. Malam Ashiru ya danna, ofishin ya cika da muryar Malam Lawal: "Wai. Wai. Wai. Wai, wai. Wai." Wata ƙasa-ƙasa, wata da ƙarfi, wata da tari a bayanta, wata a ja kamar ta mai gajiya. Babu abin da ya yi kama da shi sai kukan dattijon da kunama ta harba a tafin ƙafa. Baba Hussaini mai gadi, wanda shi ne kuma ladanin masallacin, ya taho da gudu da sandarsa, ya leƙo ta taga yana tambaya wa ake duka. Ba wanda ya iya kashe wayar, domin ba wanda ya san inda ake kashewa sai Bahijja, ita kuma ba a ba ta izini ba. Haka aka saurara har ta tamanin da bakwai. Malam Lawal yana zaune, kansa a sunkuye. Bai taɓa jin kansa ba sai ranar.

Alhaji Zarami ya jima yana shafa gemu. Ya dubi wayar, ya dubi yarinyar, ya ga cewa bayanin Malam ya fara tsayuwa, sai ya yi ajiyar zuciya ya faɗi abin da kowane Bahaushe yake faɗa in zance ya soma kama hankali.

"Lalle biri ya yi kama da mutum."

Alƙalamin Malama Juliana ya yi ta motsi, sannan ya tsaya.

"Alhaji," in ji ta, "in rubuta da wai ko babu wai?"

"Ki rubuta me?"

"Abin da ka faɗa yanzu. Shugaban iyaye ya ce biri ya yi kama da mutum."

"Haba Malama! Karin magana ce! Tun kakannina ake faɗarta!"

"Waɗanne kakannin, Alhaji?" in ji Baba Hussaini daga taga.

"Kai tsoho, koma bakin ƙofarka! Malama, goge."

"Biro ne, ranka ya daɗe."

Malam Ashiru ya ga zaman yana neman kuɓuce masa, sai ya kawo shawara irin tasa. A mayar da wai ɗin inda suke, a sake turawa gari, shi ke nan. Bahijja ta ce cikin ladabi ba ta san wace wai ce ta wace jimla ba. Alhaji ya ce to ba za a liƙa wa jimla wai ɗin da ba nata ba, wannan ha'inci ne. Aka shafe kusan rabin sa'a ana muhawara a kan ko wai ɗin da aka faɗa a kan raƙumin dawa za ta iya rufe maganar biri. Manya huɗu masu hankali suka yi wannan, kuma babu ɗayansu da ya nemi a kawo littafin a duba abin da babin ya ce.

Daga ƙarshe Alhaji ya gaji, ya kawo tasa. "Malam Lawal, mu taƙaita. Gobe a taron safe ka tsaya gaban yara ka ce duk abin da ke cikin babin nan ƙarya ne, kai ma don jarrabawa kake faɗa. Kalma ɗaya. Ka faɗa, ka ci gaba da jan sallarka, mu ci gaba da binka."

Ƙofa ce a buɗe, kuma duk wanda ya san Malam Lawal ya zaci zai shige ta da sauri. Ya buɗe baki. Sai Bahijja, wadda aka manta ba a sallame ta ba, ta yi magana daga inda take durƙushe.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri. Ni tambaya ce da ni tun ranar darasin. Kai me ka yarda da shi?"

Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya, kuma ana iya cewa duk wai ɗin da ya tara, ya tara su ne don kada a yi ta. Malam Ashiru ya fara gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba.

"Na yarda Allah ne ya halicce ni, ya halicci Annabi Adamu, ya halicci biri da kwaɗo," in ji shi. "Wannan babu shakka a cikinsa, a kansa zan mutu. Babin kuma ba duka ne ƙarya ba, Alhaji, ba zan tsaya gaban yara in ce haka ba. Maganin sauron da ke kashe sauro muna samari, yau ka fesa su yi maka waƙa. Wannan sauyi ne, na gani da idona. Kai kanka kana zaɓar irin geron da ke jure fari ka bar wanda ba ya jurewa. Maganar ƙasusuwa da kakan mutum kuwa, masu binciken suna da hujjojinsu, na karanta, ba mahaukata ba ne. Yadda wannan zai zauna da wancan, ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Da ya ce ƙarya ne, da an tashi ana musabaha. Da ya ce gaskiya ne duka, da an san abin da za a yi da shi. Amma "ban sani ba" ba ta da gurbi a littafin Malama Juliana. Malaman farko sun ce faɗin "ban sani ba" rabin ilimi ne, kuma kowa a ofishin ya taɓa jin haka a wa'azi ya gyaɗa kai. Sai dai abu ne mai daɗin ji daga bakin wanda ya rasu shekara dubu, mai ɗaci daga bakin wanda ke zaune a kujerar roba. Bambancin da ke tsakaninta da wai shi ne, mai cewa wai yana ɓoye inda ya tsaya, mai cewa ban sani ba ya nuna daidai inda saninsa ya ƙare, ya kuma ɗauki nauyin abin da ke bayan wannan iyaka.

"Limamin da bai sani ba," in ji Alhaji Zarami, "ni ban ga yadda zan bi shi ba. Malam Ashiru, ka sa wani."

Ana cikin haka Baba Hussaini ya kira azahar. Maza suka fita suka yi alwala a bakin famfo. Masallacin ya cika fiye da kullum, domin labari ya riga ya kai rumfunan bakin ƙofa. Aka yi sahu. Malam Lawal bai je gaba ba. Ya tsaya a ƙarshen sahu na biyu, jikin bango, inda takalma suke kusa. Wurin liman ya zauna babu kowa.

Alhaji ya taɓa kafaɗar Malam Ashiru. Malam Ashiru ya ce shi ya sa hannu a kan tsarin darasin zangon, da babin a ciki, saboda haka bai fi Malam Lawal tsarki ba. Aka juya ga malamin lissafi, ya ce shi ya ci bayoloji da kyakkyawan sakamako, kuma ya tuna sarai abin da ya rubuta. Aka bi malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa rubuta amsar da hannunsa don ya sami takarda. Wani daga baya ya ce to Alhaji ya shiga mana. Wani kuma ya amsa, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, cewa maganar Alhaji tana cikin littafi, da biro.

Saura mutum ɗaya da bai taɓa zama a aji ba. Aka ce Baba Hussaini ya wuce gaba.

Tsohon ya jingina sandarsa, ya juyo ya fuskanci jama'a. "Zan shiga, Yallaɓai, amma a warware mini abu ɗaya tukuna, ni jahili ne. Cire shi da aka yi, don imaninsa ya lalace ne?"

"Abin da ake tsoro ke nan," in ji Alhaji.

"Yaushe ya lalace? Yau, ko tun da?"

"Babin ai tun da yake karantar da shi."

"To madalla. Shi Malam ɗin ya taɓa karanta mana a nan cewa wanda ya yi salla bayan mutumin da aka gano ba shi da imani, sai ya rama. Ni shekara goma sha tara nake bayansa, ban taɓa fashi ba. Gwiwoyin nan da kuke gani, raka'a huɗun yau ma da lallashi za su yi. Alhaji, kai shekara nawa?"

Shekarar Alhaji goma sha ɗaya da buɗe shagon. Malamin lissafi ya fara motsa leɓe yana kallon sama, Malam Ashiru ya daka masa harara ya bari. Aka ga fuskoki suna sauyawa sahu bayan sahu, kowa yana auna shekarunsa. Wani mai sayar da rake, wanda ɗazu ya fi kowa ɗaga murya, ya ce shi dama bai taɓa ganin aibin Malam ba. Wani ya ce ai mutumin ya faɗa da bakinsa Allah ne ya halicce shi, me ake nema kuma. Wani ya leƙa waje ya ce inuwa tana tafiya, in ba a yi hankali ba la'asar za ta same su a tsaye.

Baba Hussaini ya ratsa sahu, ya kama hannun rigar Malam Lawal, ya ja shi gaba kamar mai jan rago, sannan ya ta da iƙama kafin wani ya sake tunani.

Bai kamata a yi wa wannan jama'a ƙarya ba. Ba adalci ne ya mayar da shi ba, ba kuma fahimtar abin da ya faɗa a ofis ba; tsoron ramuwa ne. Shi ma ya san haka, an gani a yadda ya tsaya jim kafin ya ɗaga hannu. Amma ya ɗaga. Azahar sallar ɓoye ce, ba mai jin abin da liman yake karantawa, kuma haka suka bi shi, raka'a huɗu, suna dogara da abin da ba su ji ba.

Da aka sallame, mutane suka watse da sauri, ba mai son haɗa ido da wani. Alhaji Zarami bai fita ba. Ya koma kusurwa, ya ta da kabbara shi kaɗai, ya sake azahar ɗin daga farko saboda kokwanto. Malam Lawal yana zaune a wurinsa yana lazimi, bai juya ba. Sallar Alhaji ta yi tsawo. Ya miƙe inda ake zaton zai zauna, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Da ya yi sallama ya zauna yana ƙirga yatsunsa. Ya duba dama, ya duba hagu. Masallacin ba kowa sai su biyu.

Ya yi gyaran murya.

"Malam."

"Na'am, Alhaji."

"Na rikice ne, uku na yi ko huɗu, sai na ƙara ɗaya. Ƙabli ne a kaina ko ba'adi?"

"Ba'adi za ka yi."

Alhaji ya gyara zama, ya fuskanci alƙibla, ya yi sujada biyu.